Ƙiba da ciwon damuwa: abin da cikar jiki ke ɓoyewa a Zango

A Zangon Kumasi har gobe ana auna zaman aure da kumatu. Amarya ta yi wata shida a ɗakinta, ta fito suna ko biki a Aboabo, idan aka ga wuyanta ya cika, damtsenta ya matse hannun riga, sai dangi su yi hamdala, su ce miji na riƙe ta da kyau. Idan kuwa ta rame, kafin taro ya watse an fara raɗe-raɗin ko akwai abin da ke faruwa a gidan. Namiji ma haka ne, da tumbi ya fito sai a ce Alhaji kuɗi sun zauna. Wannan fahimta tana da tushe. Iyayenmu sun ga yunwar 1983 da idonsu, sun ga yadda tarin fuka da ƙanjamau ke tsotse mutum, don haka rama ta zame musu alamar musiba, ƙiba kuma shaidar kwanciyar hankali.

Abin da masana lafiya suka tattara a 'yan shekarun nan ya ci karo da wannan. Mai ƙiba ya fi wanda ba shi da ita yiwuwar faɗawa ciwon damuwa, mai ciwon damuwa kuma ya fi yiwuwar yin ƙiba. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, a unguwanninmu ƙiba na rufe damuwa ruf. Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska, to a wannan ciwon cikar fuskar ce ke hana a yi tambayar ma.

Ƙibar da ake nufi tana da ma'auni. Ana ɗaukar nauyin mutum a kilo, a raba shi da tsawonsa a mita sau tsawonsa, abin da likitoci ke kira BMI. Daga 25 nauyi ya wuce kima, daga 30 kuma an shiga ƙibar da ake ɗauka ciwo. Mace mai tsawon mita 1.6 da nauyin kilo 80 ta haura 31, kuma a wurinmu irinta ake cewa ta yi daidai. Ma'aunin yana da giɓi, domin ba ya bambanta tsoka da kitse, shi ya sa ake haɗawa da awon ƙugu: idan ya wuce santimita 88 ga mace ko 102 ga namiji, kitsen ciki ya yi yawa. Ciwon damuwa kuwa shi ne mutum ya kwashe aƙalla mako 2 ransa a dagule kusan kullum, ko abubuwan da yake jin daɗinsu su fita masa a rai, barci da cin abinci su rikice, ƙarfi ya tafi, ya riƙa ganin kansa ba shi da amfani. Ciwon fargaba ɗan'uwansa ne: zullumin da ba ya yankewa, faɗuwar gaba ba dalili, bugun zuciya, jiki a ɗaure. Sau da yawa tare suke zuwa.

Ƙiba ta riga ta zauna a Ghana, musamman a jikin matan birni. Binciken lafiyar al'umma na ƙasa na 2014 ya nuna kashi 40 cikin 100 na mata 'yan shekara 15 zuwa 49 nauyinsu ya wuce kima ko sun shiga ƙiba. Na 2022 ya nuna rabin mata 'yan shekara 20 zuwa 49 suna cikin wannan hali. Akwai kuma binciken RODAM da aka wallafa a 2016, wanda ya auna 'yan Ghana a ƙauyukan yankin Ashanti, da Kumasi da Obuasi, da kuma waɗanda ke zaune a Turai. Matan ƙauye kusan kashi 8 ne ke da ƙiba, matan birni kusan kashi 34, na Landan kuwa sun haura rabi. Jini ɗaya ne, wurin zama da irin rayuwa ne suka bambanta.

Babbar hujja kan alaƙar ƙiba da damuwa ta fito a 2010, lokacin da Floriana Luppino da abokan aikinta a ƙasar Holan suka haɗa bincike 15 da suka bi mutum sama da 58,000 na tsawon shekaru. Sun ga cewa wanda ya fara da ƙiba, haɗarin kamuwarsa da ciwon damuwa daga baya ya ƙaru da kashi 55 cikin 100, wanda kuma ya fara da ciwon damuwa, haɗarin yin ƙibarsa ya ƙaru da kashi 58. A fahimci lissafin da kyau. Ba ana cewa masu ƙiba 55 cikin 100 za su kamu ba ne. Ana nufin idan a cikin marasa ƙiba mutum 10 cikin 100 ne za su kamu, a cikin masu ƙiba za a samu wajen 15. Mafi yawan masu jiki lafiyar zuciyarsu ƙalau, kuma akwai siraran mutane da damuwa ke ci. A ɓangaren fargaba alaƙar ta fi rauni. Wani nazari da aka haɗa a Kanada a shekarar ya nuna ƙarin kusan kashi 40, amma yawancin binciken da ya dogara da su hoton lokaci guda suka ɗauka, ba su nuna wanne ya riga wanne ba.

Hanyar da ke tashi daga damuwa ta kai ga ƙiba ita ce mutanenmu suka fi wuyar yarda da ita, domin mun saba cewa baƙin ciki ramar da mutum yake yi. Gaskiya ne ga wasu. Amma akwai wani nau'in ciwon damuwa da ke zuwa da yawan ci da yawan barci da nauyin gaɓoɓi, kuma ya fi yawa a mata. Mai wannan nau'in ba yunwa ke kai ta ga kwano ba. Ranta ne a ƙuntace, kuma abu mai zaƙi ko maiƙo na ba ƙwaƙwalwa sauƙi na 'yan mintoci. Idan mutum ya daɗe cikin tashin hankali, jikinsa na yawan fitar da wani sinadari mai suna kotisol daga wasu 'yan ƙullutai da ke saman ƙoda. Amfaninsa shi ne ya shirya jiki ya gudu ko ya kare kansa idan haɗari ya taso, sa'annan ya sauka. Amma bashin da ba a biya ba, da kuɗin hayar shekara biyu da mai gida ke nema a dunƙule, da miji da ya tafi Libiya aka daina jin ɗuriyarsa, waɗannan ba sa wucewa cikin awa guda. Kotisol ya ƙi sauka, sha'awar zaƙi da maiƙo ta ƙaru, kitsen kuma ya riƙa taruwa a ciki.

Sai barci. Wanda fargaba ta hana shi runtsawa, sinadarin da ke sa jin yunwa na ƙaruwa a jikinsa, wanda ke sanar da ƙoshi kuma ya ragu. Ga shi kuma Zango ba ta barci da wuri. Ƙarfe sha ɗayan dare mai shayi na nan da burodi da ƙwai da madara mai kauri, mai indomi na suya, akwai burkina da sobolo masu sanyi cike da sukari. Wanda ya kasa barci abin da zai samu ke nan. Da safe kuma koko da ƙosai ko wake da shinkafa da taliya da gari da mai, abinci mai kyau ga wanda zai yini yana dako, mai nauyi ga wadda za ta zauna a shago a Kejetia daga hantsi zuwa magariba. Damuwa na kashe sha'awar motsi gaba ɗaya. Wadda da take takawa zuwa makarantar dare ko gidan 'yar'uwarta a Asawase sai ta daina, in ma ta fita pragya, wato babur mai ƙafa uku, za ta hau daga ƙofar gida.

Magungunan ma suna da nasu hannun, kuma ya kamata a faɗa a fili. Amitriptyline, wanda ya daɗe ana bayarwa a asibitocinmu, da mirtazapine da olanzapine da sodium valproate, duk suna iya ƙara nauyi, olanzapine ma sosai. Fluoxetine bai cika yin haka ba. Mutum ya fara samun sauƙin zuciya, sai ya ga kayansa sun daina shigarsa, ya ajiye magani ba tare da ya gaya wa kowa ba, ciwo ya dawo. Yanke irin waɗannan magunguna farat ɗaya na da haɗari. Abin yi shi ne a koma wa likita a gaya masa, domin sau da yawa akwai wanda za a canza da shi.

Ɗaya hanyar, daga ƙiba zuwa damuwa, wani ɓangarenta a cikin jini yake. Kitsen da ke kewaye da hanji da hanta ba ajiya ba ce kawai. Yana fitar da sinadaran da ke tayar da garkuwar jiki, sai jiki ya zauna cikin wani ɗan kumburi na ɓoye wanda ba ya zafi, ba ya ƙarewa. Duk wanda zazzaɓin cizon sauro ya taɓa kamawa ya san yadda ake ji kafin ya kwantar: kasala, ƙin magana, son kaɗaici, komai ya fita a rai. Waɗannan sinadaran ne ke aika wa ƙwaƙwalwa wannan saƙon, kuma mai kitsen ciki na samun kaɗan daga cikinsa kullum. Likitoci sun ga ƙarfin abin ta wata hanya: lokacin da ake yi wa masu ciwon hanta nau'in C allurar interferon, wadda ke tayar da garkuwar jiki, kusan 1 cikin 4 na faɗawa ciwon damuwa. An kuma taɓa yin wani maganin rage ƙiba mai suna rimonabant, wanda ke toshe sha'awar abinci a ƙwaƙwalwa. Ya rage nauyi, amma a 2008 aka janye shi daga kasuwannin Turai saboda yana jefa mutane cikin damuwa da tunanin kashe kai. Wurin da ke kula da ci da wurin da ke kula da walwala a ƙwaƙwalwa suna da hanyoyin da suka haɗa su.

Akwai kuma minshari, wanda muke mayarwa abin tsokana. Mai ƙiba da ke minshari mai ƙarfi, numfashinsa na ɗaukewa ya dawo da firgita, maƙogwaronsa ne ke toshewa sau da dama a dare ba tare da ya sani ba. Ya wayi gari da ciwon kai da gajiya da saurin fushi, yana gyangyaɗi a sahu ko a kan sitiyari. Irin wannan barcin kaɗai ya isa ya kawo alamomin damuwa, kuma yana da magani. Ga ciwon gwiwa da ke mayar da mace 'yar shekara 45 sallah a kan kujera, abin da ke ƙona ran mai ibada fiye da yadda ake zato. Ga ciwon suga da hawan jini da kuɗin maganinsu na kowane wata. Ga wata lalurar ƙwan mace da ke haɗa ƙiba da rikicewar al'ada da jinkirin haihuwa, kuma duk wanda ya san gidajenmu ya san abin da shekara uku ba ciki ke jawo wa mace daga dangin miji, da zancen kishiya da ke biyo baya.

Amma ɓangaren da na fi so a tsaya a kai shi ne na bakin mutane. A 2018 masana daga Jami'ar Exeter ta Ingila da Jami'ar Kudancin Ostireliya suka duba ƙwayoyin gado na mutum sama da 48,000 masu ciwon damuwa da sama da 290,000 marasa shi. Akwai ƙwayoyin gadon da ke sa ƙiba tare da suga da ciwon zuciya, akwai kuma waɗanda ke sa ƙiba ba tare da waɗannan cututtukan ba. Sun ga duka biyun na da alaƙa da ciwon damuwa, kuma abin ya fi ƙarfi a mata. Ma'ana, ko da jinin mutum lafiya lau, zama da babban jiki a cikin jama'a na iya taɓa zuciyarsa. Wani bincike kuma a Amurka a 2013, kan mutum sama da 6,000, ya nuna waɗanda aka wulaƙanta saboda nauyinsu sun fi yiwuwar shiga ƙiba sosai bayan shekara 4 har ninki biyu da rabi. Gori ba ya rage kilo ko ɗaya, ƙarawa yake yi.

Wani zai ce ai wannan a Turai ne, mu nan yabon mai jiki muke yi. Da haka ne, yanzu abin ya rabu biyu, kuma macen Zango na tsakiya. A gida Mma da gwaggo na cewa ta ƙara ci, kada a ce miji ya gaza. Tana fita yaron motar haya ta trotro ya ce obolo, wato mai ƙiba, ta biya kuɗin kujera biyu, fasinjoji na dariya. Tela ya yi mata ba'a a gaban mutane lokacin awon ankon biki. Ta buɗe TikTok ta ga surar da ake yayi: ƙugu siriri, ciki a shafe, mazaunai manya, abin da jikin mace mai haihuwa huɗu ba zai taɓa komawa ba. Sai ka ga mace guda ta sha maganin ƙiba kafin aure, bayan haihuwa kuma ta koma shayin rage tumbi da ɗamarar matse ciki.

Maganin ƙibar nan ya cancanci a yi masa magana ta musamman. Abin da ake sayarwa a kemis da kasuwa yawanci cyproheptadine ne mai buɗe ciki, ko dexamethasone, wanda a arewacin Najeriya ake kiran irinsu sha-ka-fashe. Dexamethasone ɗan'uwan kotisol ne da aka haɗa a masana'anta, kuma ya fi shi ƙarfi nesa ba kusa ba. Cikar da yake kawowa ta ruwa ce da kitsen fuska da ciki da doron wuya, yayin da tsokar cinya da hannu ke zubewa. Yana ta da suga da hawan jini, yana raunana ƙashi, yana kuma kawo rashin barci da fargaba da damuwa kai tsaye. Yarinyar da ake ɗura wa wannan don ta cika ido ranar kai amarya, ana saya mata cutukan biyu a ƙwaya ɗaya. Wadda ta daɗe tana sha kuma kada ta yanke da kanta, domin jiki ya riga ya rage yin nasa kotisol ɗin, sai likita ya riƙa rage mata a hankali.

Wani lokaci kuma ba ɗayansu ne ya haifi ɗaya ba, abu na uku ne ya haife su tare. Idan ƙullutun maƙogwaro da ke daidaita ƙona abinci a jiki ya yi rauni, mutum na yin ƙiba da kasala da jin sanyi da mutuwar zuciya, kuma gwajin jini ɗaya na gano shi. Jego ma lokaci ne da biyun ke haɗuwa: ana ɗura wa maijego kunu da tuwon zafi da nama don nono, tana zaune a ɗaki kwana 40, kuma a daidai wannan lokacin ne damuwar bayan haihuwa ke kama wasu mata. Ana ganin tana cikowa sai a ce jego ya karɓe ta, ba wanda ya lura ba ta yi dariya ba tun ranar suna.

A nan ne cutarwar take. Mace ta daure ta ce wa yayarta, “Yaya, ni fa raina ba daɗi kwanan nan,” sai a amsa mata, “Ke da kike ƙiba haka, me ya dame ki? Ki gode wa Allah.” Daga ranar ta rufe bakinta. Abin sai ya fito ta jiki: ciwon kai, zafin ƙirji, bugun zuciya, jin wani abu na yawo a jiki. Ta sha maganin maleriya, ta sha na taifot, a auna ta a ce ta rage nauyi, ta dawo gida da ƙarin abin zargin kanta. Wasu a ce iska ce ko sammu, wasu a ce ƙarancin tawakkali ne, kuma wannan na ƙarshen ya fi ciwo ga mai imani. Addu'a da karatun Alƙur'ani na sanyaya zuciya, ban da shakka a kai, kuma ba wanda ya ce a bar su. Amma mai ciwon suga na addu'a yana kuma shan maganinsa, ba wanda ke tuhumar imaninsa. Maza kuwa nasu ya fi ɓoyuwa, domin damuwar namiji kan fito a siffar faɗa da zafin rai da daɗewa a majalisa har tsakar dare.

Game da wanne za a fara magancewa, ra'ayina shi ne idan damuwar ta yi nauyi, da ita za a fara. Cewa wanda ko wanka ke yi masa wuya ya tashi ya yi tsarin abinci da atisaye, ɗora masa wata gazawar ce. Idan zuciya ta ɗan saki, sauran na zuwa da sauƙi. An gwada haɗa biyun a Kalifoniya kan mutum 409, aka wallafa sakamakon a 2019: bayan shekara guda nauyi ya ragu, damuwa ta ragu, duka biyun kaɗan-kaɗan. Kaɗan ɗin ba abin rainawa ba ne, domin rage kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na nauyi, wato kilo 4.5 zuwa 9 ga mai kilo 90, ya isa ya taɓa suga da hawan jini da ciwon gwiwa. Tafiyar ƙafa kuma na da wata falala: tana sauƙaƙa damuwa da fargaba ko da sikeli bai motsa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya na ba da shawarar aƙalla minti 150 a mako, wato rabin awa sau biyar. Matan layi ɗaya su uku ko huɗu da ke fita tare bayan asuba cikin hijabinsu sun sami motsi, sun sami hasken safiya mai gyara barci, sun kuma sami abokan hira, wanda shi kansa magani ne ga mai kaɗaici.

Manyan asibitocin ƙwaƙwalwa uku na gwamnati, na Akra da Pantang da Ankaful, duk suna kudu, kuma sunansu kaɗai na tsorata mutane. Amma mai damuwa ko fargaba ba sai ya je can ba. Asibitin Koyarwa na Komfo Anokye na da sashen lafiyar ƙwaƙwalwa, asibitin gwamnati na Tafo ma haka, kuma tun bayan dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta 2012 ake ƙoƙarin sa ma'aikatan jinya na wannan fanni a asibitocin gundumomi. A ƙarshen 2024 hukumar inshorar lafiya ta sanar da shigar da ciwon damuwa da na fargaba cikin abin da kati ke ɗauka.

Abin da nake fata shi ne duk nas ɗin da ta ɗora mace a sikeli a layin masu suga da hawan jini ta ƙara tambaya biyu da likitoci ke amfani da su wajen tantancewa: a mako 2 da suka wuce, kin ji abubuwan da kike so sun fita miki a rai? Kin ji ranki a dagule ko kin yanke ƙauna? Tambayoyin ba sa buƙatar na'ura, kuma miji ko 'ya ko aminiya na iya yin su a tsakar gida. Idan amsar e ce, a raka ta asibiti, a kuma nemi a duba suga da maƙogwaro da magungunan da take sha. Idan kuwa mutum ya fara cewa gara ya mutu ya huta, a kai shi a ranar, kada a bar shi shi kaɗai, kuma kada tsoron 'yan sanda ya hana, domin tun 2023 majalisar dokokin Ghana ta cire yunƙurin kashe kai daga jerin laifuffuka.